Farantin Gwamnati a Tiren Hassumi

Duktura Samar ta duba sakamakon gwajin jinin, ta ɗago ta dube ni, ta sake komawa kan takardar, kamar mai son ta tabbatar nawa ne ba na wani Alhajin da na rako ba.

Ban ga laifinta ba. Na daɗe ina shiga wannan ɗaki nata na unguwar Mohandessin, amma kullum a tsaye, a bayan kujerar mara lafiya. Sana'ata ke nan a Alƙahira: masu zuwa neman magani daga gida, in tarbo su a filin jirgi, in kai su gaban likita, in mayar musu da Larabcinsa Hausa, in mayar masa da kukansu Larabci. A takardar izinin zama kuwa ni ɗalibi ne. Ina rubuta kundin digiri na uku a Usulul Fiƙihu, a kan abin da ake yi idan dalilai biyu suka ci karo da juna. Na ɗan jima ina rubutawa. Waɗanda muka fara tare, yanzu 'ya'yansu ne ke zuwa karatu, suna kawo mini gaisuwa da kilishi.

"Ya Sheikh Harun," ta ce, "sukarinka na wata uku ya haura tara."

"Tara cikin nawa?"

"Ba jarrabawa ba ce."

Da cikin goma ne, da shi ne maki mafi kyau da na taɓa samu a ƙasar nan.

"Ramadan na tafe," ta ce. "Ka dawo mini a ƙarshen Sha'aban mu sake gwadawa. In ya sauka, ka yi azuminka lafiya. In bai sauka ba, bana babu azumi. Khalas."

Wannan magana na sha fassara ta. Na faɗa wa Alhazai da Hajiyoyi ba adadi, har da ƙarin nawa: ai shari'a ta ba ka uzuri, Alhaji, kwantar da hankalinka. Ban san haka take da ɗaci ba sai da ta zo mini babu tafinta a tsakani. Tun ina yaro a Kano ban taɓa shan azumi ba. Kuma ni ne duk shekara ke zama da 'yan uwa bayan la'asar a gidan abokina Hassumi da ke unguwarmu ta Ard al-Liwa, ina karantar da babin azumi har a kira magariba. Hukuncin mara lafiya na san shi ciki da bai. Sai dai a duk karatuna, mara lafiya wani mutum ne can, ba ni ba.

Ta rubuta mini ƙwayoyi, sannan ta miƙo wata takarda mai sheƙi, ta ce hukumar lafiya ce ta fitar. Hoton faranti ne guda, an yanka shi. Rabi ganye, kwata nama ko kifi, kwata shinkafa ko burodi.

"Ka bi wannan. Kuma komai za ka saya, ka karanta abin da ke rubuce a jikin kwalinsa. Tamam?"

"Tamam," na ce. Ni da karatu ne sana'ata, me zai gagara?

A kantin maganin da ke ƙasan benen abin ya fara gagara. Ina jiran a haɗa mini ƙwayoyin sai na hango wani hoto a bango, shi ma da tambarin wata hukuma a ƙasansa. Shi ba faranti ba ne, dala ce, irin tasu ta Giza. A gindinta, inda ya fi faɗi, burodi ne da shinkafa da taliya, an rubuta a yawaita. Na zaro takardata. Kwata, in ji ta. Na dubi bango: a yawaita. To ga dalilai biyu sun ci karo, a gaban mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan wannan babi. Ƙa'ida sananniya ce, na baya yana shafe na farko, sai dai dole a san wanne ne na bayan. Na juya takardata ciki da waje, babu kwanan wata. Na matsa jikin bango, nan ma babu.

"Ya duktur," na ce wa mai kantin, "wannan dalar yaushe aka fitar da ita?"

"Wallahi ya sheikh, a nan na tarar da ita da na kama shagon. Tsaga ce a bangon take rufewa."

Na hau gadar da ke tsallake layin dogo zuwa Ard al-Liwa ina jin kaina kamar an zuba masa ruwa.

Khairat, maiɗakina, ta karɓi takardar ta riƙe ta nesa da fuska, don ita ma idon ya fara, ba ta dai yarda ba tukuna.

"Malam, ina tuwon?"

"Babu."

"Miyar fa?"

"Ita ma."

"To wannan ɗan itacen kore mene ne?"

"Abincinsu ne."

"Su wa?"

Ban sani ba. Misirawan da na sani ful suke ci, wato dafaffen wakensu, da ta'amiya da koshari, ban taɓa ganin ɗan itacen nan a hannun kowa a layinmu ba. Na ce mata ba damuwa, abin da nassi bai ambata ba sai a yi ƙiyasi. Tuwo ɗan uwan shinkafa ne, ya tafi kwata. Miyar kuka ganye ce, ta tafi rabi.

"Da man shanun da naman da ke cikinta?"

"Su koma nasu ɓangaren."

"In tsamo man daga cikin miya?"

"Maman Zara, ki bari in yi tunani."

"Kuma ai a kan tuwon ake zuba ta. In ta hau kansa, ta bar rabinta ta shiga kwatansa ke nan, ko shi ne ya shigo nata?"

Wannan mas'ala ban taɓa cin karo da ita a wani littafi ba. Kafin in samo amsa ta kunna mini saƙon murya daga Goggonta ta Gwale, wadda labari ya riga ya kai mata: a jiƙa kuɓewa ɗanya a sha ruwan da safe, a daina jin maganar likitoci. Mazhaba ta uku ke nan, kuma ita ce kaɗai mai kwanan wata.

Ranar Juma'a muke cin abinci a gidan Hassumi in an sauko daga masallaci. Hassumi mutumin Damagaram ne, yana tura abaya da turare gida, kuma tun ranar da ya ji ni Bakano ne bai sake kiran sunana ba. Mu huɗu ne: ni da shi, da Hamad, tela Bahaushen Sudan, da Nafi'u, Basakkwace mai karatun ƙira'a. Tire ɗaya muke kewayewa a kan tabarma, kowa da wurinsa da ba ya canzawa. Nawa jikin bango ne, inda akwai matashi, saboda bayana.

Tun Laraba na tura wa Hassumi hoton farantin, na roƙe shi ya nuna wa matarsa Zainaba ta jera mana tire a haka. Na ga ai alheri ne na kowa. Ita kuwa baiwar Allah ta bi hoton kamar da ma'auni. Tire ya shigo: rabi kabeji da kokwamba da tumatir, kwata naman rago, kwata shinkafa an tula ta kamar tsauni, don shinkafar mutum huɗu ce aka matse a kwata. Hassumi ya dire shi a tsakiya. Naman ya tsaya a gabansa. Hamad da Nafi'u suka samu kansu a bakin gonar kabeji. Ni kuma tsaunin ya tsaya yana kallona.

"Wannan kuma fa?" in ji Hamad.

"Tsarin gwamnati ne," in ji Hassumi. "Bakano ne ya kawo. Bismillah."

Na yi bismillah na miƙa hannu can wajen kabeji. Hassumi ya tare mini hannu da bayan cokalin miya.

"A'a. Ba kai ka karantar da mu ladabin cin abinci ba? Kowa ya ci gabansa."

"Malamai sun yi togaciya," na ce. "In abinci kala-kala ne, ya halatta mutum ya zagaya."

"To bon. Bara da na miƙa hannu zan ɗauki ƙashin nan mai ɓargo da ke gabanka, me ka ce?"

Na janye hannuna.

"Nafi'u, me ya ce?"

"Ya ce ruwayar togaciyar mai rauni ce," in ji Nafi'u, yana tauna kabeji kamar mai karɓar horo.

"Yawwa. Ta yi ƙarfi ne a cikin shekara ɗaya? Ci gabanka, Bakano. Ni ma ga shi an jarrabe ni da nama, ina haƙuri."

"Ku mutanen Damagaram in kun ga nama ba ku ganin aya," na ce.

"Ku kuwa Kanawa ko fatawa sai kun ci riba a kanta."

Hamad ya ɗaga wani yankin kokwamba ya dube shi ta hasken taga. "Ya jama'a, ni me na yi wa gwamnati?"

Na ci gabana. Shinkafar Zainaba ba a barinta, kuma barin abinci ma ba kyau, wannan ruwayar kam ingantacciya ce. Na ci shinkafar mutum huɗu saboda bin umarnin da ya ce in rage shinkafa. A tuk-tuk, a-daidaita-sahunsu, a hanyar komawa gida na sake buɗe takardar, na lura da abin da ban lura da shi ba a farko. Farantin mutum ɗaya ne. Babu hannun kowa a gefensa. Wanda ya zana shi bai taɓa zama a bakin tire ba, ko kuma ya taɓa, aka yi masa abin da aka yi mini.

A satin nan na zauna na yi tunani irin na masu ilimi, wanda shi ne ya kai ni inda ya kai ni. Na ce matsalar ba ta faranti ba ce, ta rashin sani ce. Tuwon Khairat, wa ya san abin da ke cikinsa? Shinkafar Zainaba fa? Burodin aish baladi da ake shanyawa a kan keji a bakin titi, ful ɗin mai kura, duk babu mai rubutu a jiki. A iliminmu kuwa ba a karɓar labari daga wanda ba a san shi ba, majhuli muke ce masa. Abin da ke cikin kwali shi ne mai isnadi: ga sunan kamfani, ga adireshi, ga ranar da aka yi, ga ranar lalacewa, ga lambar izini, ga lissafi a jere. Duktura ma ai cewa ta yi in karanta. Abin da ba shi da rubutu ta yaya zan karanta shi?

Da na kai wani Alhaji masaukinsa a Zamalek sai na faɗa wani babban kanti, irin wanda matan jakadu ke tura kwando a hankali kamar ba su da inda za su. Na sa tabarau na fara muɗala'a. Wani kwalin yana lissafi da giram ɗari, wani da abin da ya kira kaso ɗaya. Wani ya ce kalori, wani ya ce kilojul. Wani ya ce gishiri, wani ya ce sodiyom, kuma lambobin ba su san juna ba. Na waje kuma an manna musu farar takarda ta Larabci daidai kan rubutunsu na asali, in ka ɗaga gefenta da farce sai ka ga kamar ba labari ɗaya suke bayarwa ba. Inda lamba biyu suka saɓa, na rinjayar da ƙaramar, don a wajen saɓani ana son sauƙaƙawa.

A ƙasan kusan kowane kwali kuma akwai wani ɗan layi: an gina wannan lissafi a kan mutum mai buƙatar kalori dubu biyu a rana. Na tsaya a kansa da daɗewa. Wane ne wannan mutum? Ɗan ina ne? Yana hawa bene hawa shida ba lifta kamar ni? Yana da suruka a Gwale? Ba suna, ba nasaba. Na ji wani abu ya ɗan motsa a raina, kamar ya kamata wannan ya tuna mini da wata ƙa'ida, amma kwandona ya riga ya cika, na wuce.

Na dawo gida da biskit na cikakkiyar alkama, da lemon kwali da aka rubuta ba a ƙara masa sukari ba, da yogot mara kitse mai 'ya'yan itace, da wani hatsin karin kumallo mai hoton siririyar mace tana dariya ita kaɗai.

"Malam, baƙi za mu yi?"

"Abincina ne daga yau."

Na yi mata bayani a natse, da misalai. Ta saurara har ƙarshe, hannunta riƙe da muciya.

"Wato ni ce majhular."

"Ba ke ba. Tuwon."

"Tun kana da gashi a ka nake tuƙa maka shi."

"Ba a maganar adalcinki. Ke amintacciya ce. Lissafin ne babu."

Ta juya ta koma kan tukunyarta. Washegari na shiga kicin na tarar ta manna takarda a jikin tukunya, da rubutunta mai kyau na 'yar Islamiyya. Tuwon masara. Abin da ke ciki: masara, ruwa, haƙuri. Kamfani: 'yar mutane. Ranar lalacewa: tana nan tafe in ba a canza hali ba. Na karanta, na yaba tsarin, na ce sai dai babu lambar izini. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa.

Juma'a kuma na daina zuwa tire. Hassumi ya yi ta kira.

"Bakano, an ce ka koma cin kwali."

"Abin da ke cikin kwali."

"To ka zo da shi mu zuba a tire, kowa ya ci gabansa."

Na ce ina da uzuri. Sai in zauna a ɗaki in buɗe biskit ɗina, in duba lambar da ke jiki, in ga 'yar ƙarama ce, in cinye fakitin da kwanciyar hankali, in bi da lemo. Ƙishirwa ta riƙa damuna, na ce sanyin Alƙahira ne mai busar da maƙogwaro. Na riƙa zarya bayi har alwala ta zama aikin yini. Amma wandona ya fara yi mini yawa, kuma kowa ya san rama alamar nasara ce. Khairat ta dube ni wata safiya ta ce, "Malam, ramar nan ba ta yi mini kama da ta lafiya ba." Na ce mata wannan ra'ayi ne, ba dalili ba. Ruwan kuɓewar Goggo ma na sha sau biyu a ɓoye, don fita daga saɓani.

A ƙarshen Sha'aban na koma Mohandessin da sabon gwaji, da kuma leda cike da kwalayen da na cinye, na ninke su tsaf. Mai da'awa ba ya zuwa gaban alƙali hannu sake.

Duktura Samar ta duba takardar. Wannan karon ba ta sake komawa kanta ba, ni ta duba.

"Ya haura goma."

"Ba zai yiwu ba. Na rame."

"Sukarin ne ke cin ka. Me kake ci?"

Na zazzage mata ledar a kan tebur. Ta ɗauki kwalin biskit, ta juya, ta sa farce a kan wani rubutu da ƙanƙantarsa ta kai ƙwayar gero.

"Karanta."

"Kaso ɗaya, biskit biyu."

"Kai nawa kake ci?"

"Fakitin."

"A rana?"

"A zama."

Ta rufe ido. Na ce, "Ya duktura, tsakani da Allah, wa ke buɗe fakiti ya ci biyu ya rufe?"

"Akwai."

"Mutumin nan ne mai kalori dubu biyu?"

"Wa?"

"Na ƙasan kwali."

"Ya sheikh, babu wani mutum. Misali ne kawai."

Wato duk isnadin da na dogara da shi, a kan wanda ba a taɓa haifa ba ya tuƙe. Na ɗauki kwalin lemon na nuna mata, da sauran ƙarfin da ya rage mini. Ba a ƙara sukari ba, ga shi a rubuce. Ta ce gaskiya suka faɗa, ba su ƙara ba, wanda ke cikin mangwaron ya ishe ni har da maƙwabta.

"To ƙarya suka yi ko gaskiya?"

"Gaskiya."

"Amma ta cuce ni."

"Ba ka karanta ta duka ba. Me madam ke dafawa a gida?"

Na kwatanta mata tuwo, na kwatanta kuka: ganyen wata bishiya ne, a shanya, a daka, a kaɗa, tana yauƙi.

"Kamar mulukhiyya?" Miyar lalonsu take nufi.

"Ta fi ta mutunci."

"To ai shi ke nan. Ka rage wannan tuwon ya dawo kamar dunƙulen hannunka, ka yawaita miyar, a rage mai."

"Ba ya cikin hoton."

"Ful ma ba ya ciki, kuma shi na ci yau da safe."

"To hoton na wane ne?"

"Na kowa."

"Dalar da ke kantin magani a ƙasa fa, mai cewa a yawaita burodi?"

"A lokacinta haka aka fahimta."

"Farantin fa?"

"Haka aka fahimta yanzu."

"Nan gaba kuma?"

Ta ɗaga kafaɗa tana rubutu. Ni da na yi shekaru ina neman ƙa'idar da za ta raba gardama tsakanin dalilai, ga mace ta raba ta da kafaɗa.

Ta canza mini magani, har da allura, ta ce dole in ci abinci a kan lokaci, da rana ma. Na fara kawo mata hujjoji: ranakun bana gajeru ne, ga sanyi, zan yi sahur mai nauyi, in na ji jiri zan karya. Ta ajiye biro.

"Kai ne shehin, ba ni ba. Mutumin da likita ya ce azumi zai cutar da shi, mene ne hukuncinsa?"

"Ya sha, ya rama in ya warke," na ce. Da Larabci mai kyau ya fito, da kansa, kamar ina tsaye a bayan kujera.

"Ma'alish, yi haƙuri," ta ce. "In lambar ta sauka, sai ka rama a sanyi mai zuwa."

Ranar farko ta Ramadan, da azahar, na zauna a kicin na rufe taga, duk da ba abin da ke fuskantarta sai bangon maƙwabta. Khairat, da azuminta a baki, ta ajiye mini kwano. Tuwo kamar dunƙulen hannu, nata ba nawa ba, yana zaune a tsakiyar kuka kamar tsibirin Zamalek. Takardar nan tana nan a jikin tukunya, ta ƙara layi ɗaya a ƙasa: kaso ɗaya, abin da na zuba.

"Maman Zara, ki fita mana. Ba na son ki gani."

"Ci, Malam. Na ga abin da ya fi wannan. Na ga ka da yogot."

Na ci. Abin takaicin shi ne ya yi daɗi.

Da la'asar na tafi gidan Hassumi. Ɗakin ya cika da ɗalibai da 'yan kasuwa, leɓuna a bushe, idanu sun faɗa. Na buɗe babin azumi. Muryata ta fito garau, har ta yi yawa, na riƙa rage ta don kada ta tona ni. Da na iso kan masu uzuri na so in tsallake, amma Nafi'u na da irin littafin a hannu. Na karanta. Ban ƙara da nawa ba wannan karon.

Aka kira magariba daga masallatai uku a tare, kowanne da nasa saurin. Al'adar gidan, babba ake fara miƙa wa dabino. Hassumi ya ɗauko farantin, ya zo gabana, ya tsaya. Na miƙa hannu. Sai ya janye, ya zaro kokwamba guda daga aljihun jallabiyarsa ya dire mini a tafi.

"Bakano, kai da ba ka rufe ba, me za ka buɗe?"

Duk ɗakin aka juyo ana kallona. Ashe Khairat ta gaya wa Zainaba, Zainaba kuwa isnadinta ba ya yankewa.

"Allah ya ba da lafiya, ya sheikh," in ji Hamad, bakinsa cike da dabino.

"Amin, Allah ya sa kaffara ne," in ji wani daga baya. Aka ce amin, aka ci gaba da shan kunu. Shi ke nan. Abin da na yi wata uku ina gudu har na ƙare a kan biskit, bai hana kowa miƙa kofi a ƙara masa ba. Ban san ko sauƙi na ji ko haushi ba.

Bayan salla jama'a suka rarrabu a kan tirori, mu huɗu muka koma namu. Sai ga shi ya shigo a jere kamar wancan karon: rabi ganye, kwata nama, kwata shinkafa.

"Ba dai kuma ba," in ji Hamad.

"Ku tsaya," in ji Hassumi. "Na yi bincike. Kowa zai ci gabansa, ba mai miƙa hannu. Amma ba inda aka ce tire ba zai motsa ba." Ya kama gefen tiren ya juya shi a kan tabarma. "In kowa ya yi loma uku sai a juya. Fatawar Damagaram. Kyauta ce, ba irin ta Kano ba."

Naman ya tsaya a gabana. Na dube shi. Wannan hila ce ko mafita? In gaban mutum yana canzawa, shin gaban da ake nufi na lokacin zama ne ko na lokacin loma? Kuma loma uku-uku a kewaye, rabi da kwata za su fita daidai, ko sai an ninka zagayen kabeji? Na ji wani sabon babi yana buɗewa a kundina, wanda zai iya cin wata shekarar.

"Yalla, lokaci ya yi," in ji Hassumi, ya juya.

Naman ya wuce wajen Nafi'u ban taɓa shi ba. Tsaunin shinkafa ya zo ya tsaya a gabana, yana tururi, man yana sheƙi a kansa. Su ukun suka tsaya da hannu a sama suna kallona.

Na tuna sanyi mai zuwa, da azumi talatin da ke jirana a can in lambar ta yarda. Na yi loma ɗaya, ƙarama, wadda ko mutumin ƙasan kwali ba zai ce ta yi yawa ba. Sannan na kama gefen tiren da kaina na tura shi gaba.

"Saura biyu," in ji Hassumi.

"Na bar wa Damagaram."

Kabejin ya iso. Na ci gabana.